Ƙafar Teburina da Sandar Surukinmu

Kun ishe ni da tambaya, ku jikokin nan, wai me ya sa ƙafa ɗaya ta teburin ɗinkina ta fi sauran ukun kyau. Duk wanda na ba labarin da baki sai ya je ya ƙara masa gishiri. Kakanku kuwa in shi ya ba ku, ba za ku gane a gidan nan abin ya faru ba. To ga shi na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, amma a kan idona aka yi komai.

Kakanku dai kun san shi. Shekara talatin da biyu yana buga hatimi a ofis, bai taɓa kafa ƙusa ta shiga a miƙe ba. Amma tun da ya ajiye aiki, babu sana'ar da bai iya ba. Ka nuna masa agogo, ka nuna masa jirgin sama, amsarsa ɗaya ce: "Ai ba wuya." Har mutanen layinmu suka manta da sunansa, babba da yaro sai Malam Bawuya. Shi kuma yana amsawa da fara'a, a zatonsa yabo ne.

Wata Asabar sai ga ƙarti huɗu suna nishi, sun sauke wani tsohon ƙarfe a ɗakin da nake shanya in ana ruwa.

Na ce, "Malam, wannan gawar mece ce?"

"Gawa? Injin juya katako ke nan, tsohuwa. Ki ɗaura masa itace ya riƙa juya shi kamar mazari, ke kuma ki kanga masa bakin kurfi, ƙarfen sassaƙa, yana ferewa. Kafin ki ƙifta ido kin fitar da abin da kike so."

"Wa ya koya maka?"

"Na tsaya na ga ana yi. Har sau biyu."

Washegari surukinmu ya biyo, wato baban mijin Autata. A lokacin auren bai fi shekara ba, ba mu gama sanin juna ba. Mutum ne dogo mai shiru, in ya yi kalma biyar a zama ɗaya to ranar ya yi surutu. Mun dai ji ya yi aiki a kamfanin tebura da kujeru, kakanku kuwa ya yanke hukunci cewa gadi ya yi, wai irin shirun nan sai masu gadi. Daga tafki yake, ya kawo mana kifi uku, ya jingina sandar fatsarsa a bakin ƙofa. Sandar gora ce doguwa, ta yi jawur don tsufa. Mariƙinta, wato guntun katakon da ake damƙa a gindinta, ya yi baƙi, ya tsage ta gefe an naɗe da zare, ga wani wuri a samansa ya lotsa.

Kakanku na ganinta ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Surukina, da wannan kake shiga mutane?"

"Ta mahaifina ce. Ita kaɗai ya bar mini."

"Shi ya sa! Aikin da ne. Bar mini ita. Ranar Asabar, a bakin tafki, a gaban abokan fatsarka, zan miƙa maka ita da sabon mariƙi wanda za ka ga fuskarka a jiki."

"Ai ni da kaina..."

"Kada ka gode! Tsakaninmu babu godiya."

Bawan Allah ya miƙa hannu kamar zai karɓa, sai kunya ta mayar da hannun. Wa zai yi kokawa da suruki a kan sanda? Da na raka shi bakin ƙofa ya tsaya ya daɗe yana gyara hula, sannan ya ce a hankali, "Maman Auta, a kula mini da ita."

Na ce, "Ni na ɗauki amanar nan."

Ranar Litinin da hantsi aka fara. Kakanku ya kama tsohon mariƙin ya yi ta murɗa har ya fita, ya wurga shi cikin kwandon gawayina, wai ko shayi ya dafa mana. Na tsince shi na goge na jefa a gwangwanin zarena. Ba wai na san wani abu ba ne a lokacin, ni dai ba na ƙona kayan mutane.

Katako kuma fa? Ya leƙa ta katanga ya saro reshen mangwaron maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, wai ai ta gidanmu ya leƙo. Ɗanye sharaf, har yana zubar da ƙaro. Ya ɗaura a inji, ya sa tabarau, ya ɗaura gyalena a hanci, ya ce in tsaya in ga ikon Allah.

Ya danna makunni. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ɗakin ya ɗauki rawa. Ya kanga kurfi. Sai na ji fiuuu! Reshen ya tashi ya bi ta taga. Can muka ji tartsatsin gilashi, a lokacin kuma wuta ta ɗauke.

Shagon mai aski yana jikin gidanmu, wayar wutarmu ɗaya. Sai ga shi ya shigo ko sallama babu, reshe a hannu, a bayansa wani dattijo da ƙyalle a wuya, rabin kansa tal, rabi kuma daji.

"Malam Bawuya! Yaƙi aka fara ba a gaya mana ba? Madubina ya tashi aiki, ga wuta ta ɗauke ina tsakiyar kan mutum!"

Kakanku ya karɓi reshen ya juya shi. "Ka ga inda kurfi ya taɓa? Dubi santsi."

Dattijon ya ce, "Ni ɗaurin aure zan je."

"Sa hula, Alhaji. Ai abin da aka yi hula dominsa ke nan."

Ba a gama wannan ba sai ga Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga. "Wa ya yi wa mangwarona kaciya?"

"Aski na yi masa kyauta," in ji kakanku.

Mai aski ya ce, "To, askin ma ka ƙwace mini."

Duk da haka kakanku bai haƙura ba. Da aka gyara wuta ya sake ɗaurawa, ya matse sosai, kafin la'asar ya fito da wani abu mai kama da mariƙi in ka kalle shi daga nesa kuma kana ƙaunar mai shi. Ya zaga da shi layi kaf. Ya ajiye a rana ya bushe. Da gari ya waye abin ya dare gida biyu, ya buɗe baki kamar yana yi masa dariya.

Kafintan bakin titi ya zo ganin inji, don labari ya kai masa. Ya ɗauki mariƙin ya shinshina.

"Malam, ɗanyen itace ka fere. Wannan aikin sai busasshen katako, wanda ya shekara da shekaru a inuwa."

"Na sani. Gwada injin nake yi."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni irin wannan katakon ba ni da shi."

Da kafinta ya tafi sai na ga kakanku yana zaga gida da hannu a baya. Ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ƙwanƙwasa kabad. Ya tsaya a kan sandar mofar goge ƙasa, ya ga ta yi siriri. Na ce, "Malam, duk abin da ka ƙwanƙwasa a gidan nan yana da mai shi." Ya ce shi fa motsa jiki yake yi.

Da rana na tafi kasuwa sayen zare. Da na dawo komai lafiya, sai dai na ga an shimfiɗa wa teburin ɗinkina babban ƙyalle har ƙasa. Teburin nan tun kafin a haifi iyayenku nake yanka a kansa. Na ce, "Yau kuma wace rana?" Ya ce ƙura yake kare mini. Shekara arba'in da aure bai taɓa kare ni daga ƙura ba.

Sai ga Maman 'Yan Biyu ta kawo ɗinki. Kun san ta, Allah ya yi mata jiki. Ta shimfiɗa yadinta, ta dafa gefen tebur da hannu biyu tana nuna mini inda take son aljihu. Sai teburin ya durƙusa. Almakashi, allurai, maɓallai, da ita kanta, duk suka tafi ƙasa tare. Gwangwanayen fenti uku suka gangaro daga ƙarƙashin ƙyalle, ɗaya ya bi ta ƙofa ya fita titi.

Tana zaune a ƙasa ta ɗaga ƙyallen. "Yaya, teburinki ƙafa uku gare shi."

Na nufi ɗakin inji. Ga ƙafar teburina an yanka ta gida uku, guda tana kan inji.

"Malam!"

"Aro na yi."

"Aro da zarto?"

"Tebur mai ƙafa huɗu almubazzaranci ne, tsohuwa. Murhu ƙafa nawa gare shi? Ya taɓa faɗuwa?"

Maman 'Yan Biyu ta ce daga bayana, tana dafe da ƙugu, "Jiya mangwarona, yau ƙuguna. Gobe sai ka ɗaura ni a injin."

"Ba zai iya juya ki ba," in ji shi. Da ba don na shiga tsakani ba, da a ranar za a san wa zai juya wani.

Guntu na farko ya fere shi, sai gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ya rage mai kaurin, sai ɗayan ya fi. Ya rage wancan. Haka ya yi ta yin adalci tsakaninsu har abin ya koma kamar fensir. Ya kawo mini wai in riƙa tura lastik da shi. Guntu na biyu ya fito da kyau, ban ɓoye ba. Sai aka zo huda ramin da gindin sanda zai shiga. Ya sa ƙarfen huda ta ƙasa, ƙarfen ya ɓullo ta ciki kamar ɓera. Ya ce wannan na shan iska ne. Saura guntu ɗaya.

Ranar Laraba Auta ta zo. Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa.

"Umma, me Baba ya yi wa sandar nan? Surukina kwana uku ba ya cin abincin kirki. Ba ya cewa komai, sai ya zauna yana murza babban yatsansa."

"Sabon mariƙi ake yi mata."

Ta zaro ido. "An cire tsohon? Umma, wurin nan da ya lotsa, yatsan mahaifinsa ne ya ci shi. Shekara hamsin yana riƙewa a wuri ɗaya. In ya je tafki a nan yake ɗora nasa yatsan. Ko ɗansa bai yarda ya taɓa ba."

Na buɗe gwangwanin zare na nuna mata, ta sauke ajiyar zuciya har da ƙwalla. Na je na sami kakanku na gaya masa komai, na ce a mayar da tsohon a rufa wa juna asiri.

Ya ce, "In mayar da gawayi bayan na gayyaci layi guda? In rami yake so na yatsa, sai in yi masa biyar, kowane yatsa da nasa."

Na ce a raina, baki shi ke yanka wuya. Na bar shi, amma daga ranar ban ƙara barin sandar ta fita daga idona ba.

Allah ya taimaka guntu na uku ya fito, kuma ya hudu a miƙe. Sai dai ramin ya yi wa gindin sandar kaɗan. Ina tsakar gida na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Ga kakanku ya kwantar da sandar mutane a kan benci, ya taka ta da ƙafa, wuƙa a hannu.

"Me za ka yi?"

"Ɗan ragewa zan yi. Gindin ne ya yi ƙiba."

"In takalmi ya matse ka, ƙafar kake ferewa?"

"Wannan maganar mata ce. Mu a sana'a..."

Na fizge sandar. Na kai ta ɗakina na tura bayan kabad, na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa da ɗinkina. Na ce, "Katakon nawa ne, ka yi masa abin da ka ga dama. Gorar nan kuwa ko ƙwarzane ta samu, kai da injinka za ku kwana a titi."

Ya koma ya faɗaɗa ramin. Da yake shi ne, ya faɗaɗa har sandar tana rawa a ciki kamar cokali a kofi. Ya ce ba komai, gam zai cika. Gam ɗin kuwa irin wanda in ya kama ko uwarsa ba ta raba shi. Na tuna tsohon mariƙi yana jira a gwangwani. Na ɗauke gam ɗin na jefa cikin buhun gawayi. Ya yi ta nema har ya zargi kyanwa. Daga ƙarshe ya tsinci ƙyallayen ɗinkina ya naɗe gindin sandar, ya cusa da ƙarfi ina tsaye a kansa. Ya girgiza, ba ta motsa ba.

"Kin gani? Gam na ragwaye ne."

Ranar Alhamis surukin ya biyo, wai wucewa yake yi, alhali gidansa yana can wani gefen gari. Kakanku yana ta gurza mariƙi da sanfefa, takardar nan mai kaushi, a kan inji. Mutumin ya tsaya a ƙofar gida ya karkata kunne.

"Injin nan gudunsa ya yi yawa. Da an mayar da bel ɗin..."

"A'a, a'a, surukina! Ba a ganin amarya sai ranar biki. Wannan harka ce ta masu inji, kai dai tanadi tana." Ya juya shi ya raka shi har bakin titi.

Sai aka zo shafa banish, man nan da ke sa katako ƙyalli. A jikin gwangwani an rubuta a bar kowane shafi ya kwana. Kakanku ya ce wannan don ƙasashe masu sanyi aka rubuta. Ya shafa na farko, ya hura da baki, ya shafa na biyu. Ya rataye a igiyar shanya. Iska ta kwaso garin katako ta watsa masa. Ƙudaje huɗu suka sauka ba su tashi ba. Kyanwa ta goga jiki ta bar rabin gashinta. Ya sunkuya yana cire ƙuda da allura, gemunsa ya manne.

"Tsohuwa! Kawo almakashi!"

"Mariƙin zan yanka ko gemun?"

"Kar ki taɓa mariƙin!"

Mai aski ya leƙo ya ga gemun da na gyara. Ya ce, "Gidan nan dai so kuke ku kashe mini sana'a."

Kakanku ya kankare ya sake. A wannan karon ya rufe da kwando ya zauna gadi da mafici. Shafi bakwai ya yi. Maganar gaskiya, ranar Asabar da safe abin yana ɗaukar ido. Mai aski ya duba haƙoransa a jiki ya ce a biya shi madubinsa da shi. Ni ma na taɓa, sai na ji kamar na kama sabulu.

Na ce, "Malam, mai kamun kifi hannunsa a jiƙe yake."

"Kin taɓa kama kifi?"

"Na wanke dubu."

Muka tafi tafki kamar masu rakiyar ango. Kakanku a gaba da sabuwar riga, sanda a naɗe cikin zanen gadona. Ga mai aski, ga kafinta, ga Maman 'Yan Biyu tana ɗingishi, ta ce ko a kan gadon asibiti take sai ta ga ƙarshen wannan. Ni da Auta a baya, jakata a hammata. Masu fatsa kusan goma suna zazzaune a bakin ruwa, surukin yana tsaye ya ƙura wa zanen ido.

Kakanku ya yi jawabi. Ya ce zamanin gawayi ya wuce. Ya ce daga yau duk mai son mariƙi ya rubuta sunansa wurin mai aski. Sannan ya yaye zane. Rana ta daki abin, mutane suka ce, "Kai!"

Surukin ya dubi mariƙin, ya dubi yatsansa. "Ai mariƙi ba a cika yi masa..."

"Gwaji sai mai aiki! Ba ni tana."

Kakanku ya tsoma hannu a gwangwanin tana, ya soka a ƙugiya da ƙyar yana kau da kai, ya ɗauraye hannu a ruwa. Ya ɗaga sanda ya kai ta baya zai wurga. Sandar ta sulɓe ta tafi baya ita kaɗai, ta kwashe hular kafinta.

"Wannan gaisuwa ce," in ji shi.

Aka miƙo masa. Ya sake wurgawa, a wannan karon ƙugiya ta shiga ruwa, amma mariƙin sai juyi yake a hannunsa kamar ɗanyen kifi. Ya kama da hannu biyu. Ya naɗe da bakin riga. Daga ƙarshe ya rungume shi a ƙirji ya matse da haɓa.

Wani tsoho cikin masu fatsa ya ce, "Malam, kifi kake kamawa ko sandar?"

Kafin ya amsa, zare ya miƙe. Gora ta lanƙwasa. Masu fatsa suka miƙe tsaye. "Babba ne! Sassauta masa! Kar ka ja!"

Kakanku da aka ce kar ya ja, sai ya kafa dugadugai ya ja da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Ɓul! Kamar an buɗe kwalba.

Ya tafi da baya ya zauna daɓas, ƙafafu a sama. Ƙyallayena suka tashi kamar tutoci. Sandar kuwa ta faɗa ruwa ta miƙe, kifi yana janta zuwa tsakiyar tafki.

Ya ɗaga mariƙin sama daga inda yake zaune. "Jama'a ku shaida! Aikina yana hannuna! Sandar ce ta gudu!"

Dariya ta tashi har wani ya faɗi a kan bokitinsa. Amma ba ta daɗe ba, don mutane sun ga fuskar surukin. Yana tsaye, hannuwansa a sake, yana kallon sandar mahaifinsa tana ƙara nisa. Auta ta kama hannuna. Ni kuwa na san wa ya ɓoye gam.

Kakanku ma ya ga fuskar. A nan zan faɗi alherinsa, don yana da shi. Ya yar da mariƙin, ya ruga cikin ruwa da sabuwar rigarsa, mutumin da ko a baho ba ya sakin gefe. Taku huɗu ya yi laka ta riƙe shi har ƙugu. Ya tsaya nan, ba gaba ba baya, yana miƙa hannu wajen sandar da ta fi shi nisa da tsawon gida biyu.

Na yi ihu, "Malam, ka iya ruwa ne?"

"Ai ba..." Sai ya kurɓi ruwa, sauran maganar ta koma ciki.

Surukin ya juya wurin tsohon nan. "Ara mini taka." Ya karɓa, ya ƙara dalma a zare, ya bi gefen tafki a hankali kamar mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Ya wurga, bai samu ba. Ya sake, bai samu ba. Sandar ta juya za ta shiga cikin ciyawa. A na uku ƙugiyarsa ta haye zaren ta kama. Ya riƙa ja kaɗan, ya saki kaɗan, babu mai ko tari. Har gorar ta zo hannunsa. Bayanta kuma sai ga tarwaɗa kamar cinyar Maman 'Yan Biyu, ita ta faɗa da bakinta, ba ni ba.

Kafinta da mai aski suka jefa wa kakanku zanen gadona suka jawo shi. Ya fito ba takalmi, laka har gemu, abin da ya rage na gemun.

Na matsa wurin surukin. Na ce, "Laifin nan da nawa a ciki. Ni na ɓoye gam."

Yana shafa gindin gorar yana dubawa. Babu ko ƙwarzane. Ya ce, "Da an sa gam, sai an fasa gorar kafin a cire. Kin kyauta, Maman Auta."

Sai na buɗe jaka na miƙa masa tsohon mariƙin.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya zura gorar a ciki, ya murɗa sau ɗaya, ta zauna daram kamar ba ta taɓa fita ba. Ya ɗora babban yatsansa a wurin nan da ya lotsa. Ya juya mana baya yana kallon ruwa. Duk muka yi shiru, har kakanku. Tun da na aure shi ban taɓa jin shirunsa ya kai haka tsawo ba.

Da mutumin ya juyo, sai ya tsinci mai ƙyallin a ƙasa. Ya auna nauyinsa a hannu, ya leƙa cikin ramin, ya shinshina.

"Wannan ƙafar tebur ce."

Maman 'Yan Biyu ta buga cinya. "Ni ce shaida! Ƙuguna ne shaida!"

Kakanku ya share laka daga ido. "Wa ya gaya maka?"

"Babu. Shekara talatin ina fere irinta. A kamfani ni ne a kan injin juya katako."

Mai aski ya zauna a ƙasa don dariya. Kafinta ya cire hula ya rufe fuska.

"To me ya hana ka faɗa?" in ji kakanku.

"Na fara. Sau uku."

Washegari da hantsi sai ga surukin da guntun katako a hammata, busasshe, ya ce ya fi shekara goma a ƙarƙashin gadonsa. Ya shiga ɗakin inji ya mayar da bel inda ya kamata, injin ya daina gurnani ya koma kamar kyanwa mai barci. Ya karɓi kurfin kakanku ya juya shi, ashe duk satin nan a kife yake riƙe da shi. Ya auna ƙafa ɗaya ta teburina da ido da yatsa. Kafin shayin da na zuba musu ya huce, ƙafa ta fito. Bai shafa mata banish ba, ɗan mai ya ɗiga a tsumma ya murza har ta yi ɗumi.

Kakanku yana tsaye a bayansa da hannu a baya, yana cewa, "Yawwa. Haka nake nufi. Ɗan ƙara ta nan. Madalla, hannunka zai faɗa."

Da yamma na ji shi a shagon mai aski, ana daidaita masa gemu, yana cewa ya ɗauki ma'aikaci.

Tun daga ranar kusan kowace Lahadi suna ɗakin nan su biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana bayani. Masu fatsa suna kawo sandunansu, amma sai sun leƙa sun ga wanda ke riƙe da kurfi kafin su ajiye. Mai ƙyallin kuwa shi ne wanda nake tokare ƙofar kicin da shi, kuma ko a nan ɗin sulɓewa yake.

In baƙo ya zo, kakanku yakan ɗaga ƙyallen teburina ya nuna ƙafar nan ya ce, "Aikin ɗakin injina ne." Ba na ƙaryata shi. Ɗakin nasa ne, injin ma nasa ne. Sauran ƙafafun ukun kuwa nawa ne, kuma kullum da safe sai na ƙirga su.